Daga Gobarau Zuwa Samaru: Tarihin Bincike a Ƙasarmu da Bashin da Ke Kan Marubuta



Akwai wata fitowa da kusan dukkanmu mun taɓa rubutawa, ko kuma mun karanta ta fiye da sau goma. Yarinya ta yanke jiki ta faɗi saboda an raba ta da masoyinta. An kwashe ta ranga-ranga zuwa asibiti. Can sai likita ya fito yana share gumi, ya cire tabarau, ya ce wa Alhaji zuciyarta ce ta kumbura, in ba a ba ta abin da take so ba komai na iya faruwa. Ba sunan cuta, ba gwaji, ba magani sai aure.

Abin takaicin shi ne akwai ciwon kumburin zuciya na gaske a ƙasar Hausa. Ba 'yan mata masu soyayya yake kamawa ba, masu jego yake kamawa. Ƙasarmu tana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, kuma likitoci sun shafe kusan shekara hamsin suna bincike a kansa a Zariya da Kano da Sakkwato. Da wuya ka ci karo da shi a littattafanmu na hikaya. Mun bar ciwon da ke kashe yayyenmu, mun ƙirƙiro wanda babu shi.

Idan aka yi mana wannan gyara, amsar da muka saba bayarwa ita ce ai mu ba a yi bincike a kanmu ba, ina za mu samu? Wannan mako za mu bi tarihi mu ga ko haka ne. Abin da za mu tarar shi ne an daɗe ana bincike a ƙasar nan, a adabi da lafiya da gini da ilimi da addini. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen mayar da sakamakon ga mutanen da aka yi binciken a kansu, cikin harshen da suke ji. Duk lokacin da hakan ta yiwu a tarihi, marubuci ne ya tsaya a tsakani.

Zamanin da ilimi ke cikin gafaka ɗaya

Kafin a raba ilimi tsangaya-tsangaya, malami ɗaya ne ke riƙe da fiƙihu da nahawu da hisabi da taurari da magani. Katsina, garin hasumiyar Gobarau, ta fitar da irin waɗannan. Ɗaya daga cikinsu shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake tsara hatimi, wato gidajen lambobi da in ka tara su a tsaye ko a kwance ko a karkace jimla ɗaya za su ba ka. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara, inda kowane layi ke ba da 15. Mu yau hatimi sai a laya muke saninsa, amma masana lissafi na duniya har gobe suna nazarin hanyoyin da ya bayyana. Ya rasu a Alƙahira a 1741.

Malaman jihadi sun ɗora a kan wannan turba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta tafsiri, ya rubuta nahawu, ya rubuta yadda ake gudanar da mulki, ya kuma rubuta Masalihul Insan, wanda ya haɗa gyaran addini da lafiyar jiki. Har littafi ya yi na musamman, Ida'un Nusukh, inda ya jero malaman da ya yi karatu wurinsu da abin da ya karanta gun kowanne. Abin da malaman jami'a ke tilasta wa ɗalibi yau, cewa ya faɗi inda ya samo magana, ba baƙon abu ba ne a nan.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, wanda har yanzu ba a rubuta tarihin wannan yanki ba tare da an koma gare shi ba. Shi ɗin dai ya yi rubutu kan ciwon ido da basir. Da Bature Kilafatan ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Ingila har da likita. Da ya dawo karo na biyu ya kawo masa littattafan Larabci, ciki har da littafin lissafi na Iƙilidisu, sai Bello ya shaida masa cewa dama suna da kwafinsa, gobara ce ta cinye.

Amma duk wannan ilimi da Larabci yake. Matar da ke surfe a ƙauyen da ke nesa da Wurno ba ta jin Larabci. A nan Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta shigo. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta mayar da wasu waƙoƙin mahaifinta zuwa Hausa, ta ƙulla ilimi cikin baitocin da za a iya haddacewa. Ta naɗa jajoji, dattawan mata, ta ɗora musu malfa. Su ke jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu, su koma su koyar. Ta gane cewa rubuta ilimi aiki ɗaya ne, isar da shi kuma wani aikin ne daban, kuma na biyun sai wanda ya iya sarrafa harshe.

Lokacin da muka zama abin bincike

Da zuwan Turawa sai alƙalami ya koma wani hannu. Ana tambayarmu, muna ba da amsa, ana tafiya da amsar. Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta, aka 'yanta shi, ya bi Bature Barth zuwa Turai a 1855. A Ingila wani malamin mishan, Schön, ya zauna da shi yana rubuta labaransa da tatsuniyoyinsa. Daga bakin Dorugu aka samu babban kaso na littafin Magana Hausa na 1885, amma sunan Schön ne a bango. Imam Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga da Kete Karachi cikin Gana ta yanzu, ya rubuta tarihi da al'adun Hausawa da ajami saboda wani jami'in Jamus, Mischlich, aka kwashi rubutun aka yi Turai da shi. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, mai kalmomi kusan 39,000, da taimakon malaman Hausawa aka tara shi gari-gari.

Kada mu yi butulci, ba don waɗannan ayyuka ba da abubuwa da dama sun salwanta. Amma mu duba labarin Baba ta Karo. Wannan tsohuwa ta zauna da Mary Smith a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa: aure, kishi, goyo, harin bayi, bori, ƙawance. Littafin ya fito da Turanci a 1954, ɗalibai a Amurka da Ingila suka yi ta karanta shi. Na Hausar, wato maganar Baba kamar yadda ta fito daga bakinta, bai fito ba sai a farkon shekarun 1990. Mu nawa ne a nan muka taɓa riƙe shi? Ga mai son rubuta labarin mace Bahaushiya ta shekara ɗari da suka wuce, da wuya a samu taskar da ta fi wannan.

A wannan zamani ma an samu wanda ya tsaya a tsakani. Mun san Abubakar Imam da Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar 1933, da Magana Jari Ce. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne aikinsa na mayar da ilimin zamani Hausa. Da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, shi ne editanta na Hausa, yana yi wa mai karatu bayanin yaƙin duniya da al'amuran mulki cikin harshen zaure. Shi da Dokta East suka rubuta Ikon Allah, littafin da ke bayanin halittu da yadda duniya take. Mu lura da sunan. Bai gabatar da kimiyya a matsayin kishiyar imani ba, ya shigo da ita ta ƙofar da mai karatu ya riga ya sani. A shekarun 1950 kuma, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA da ke Zariya ta buga ƙananan littattafai masu yawa da Hausa don manya da suka koyi karatu, kafin a rufe ta a 1959.

Samaru, Garki da ɗakin masu jego

Tashar binciken noma ta Samaru ta girmi jami'ar da ta haɗiye ta. An kafa ta a 1922, Jami'ar Ahmadu Bello kuwa sai a 1962. Irin gyaɗa da wake da dawa da masara da sunayensu ke farawa da SAM, daga sunan Samaru aka ɗauko. Binciken noma ya fi sauran sa'a wajen isa ga jama'a, saboda an yi masa sashe na wayar da kan manoma, da malaman gona, da shirye-shiryen rediyo da Hausa.

A ɓangaren tarihi, Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci aikin tattara rubuce-rubucen Larabci daga gidajen malamai a shekarun 1960, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Ɗalibinsa Murray Last ya zauna a Sakkwato gaban Waziri Junaidu, ya fitar da littafinsa kan daular Usmaniyya a 1967. Abin da ya bambanta wannan aiki shi ne an rubuta tarihinmu daga takardun mutanenmu, ba daga rahoton Razdan kaɗai ba.

A lafiya ne aka yi binciken da ya fi girgiza duniya. Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da gagarumin bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, cikin Jihar Jigawa ta yanzu. An yi feshi a ɗakuna, an raba magani ga kowa da kowa, ana ɗibar jini ana ƙirga sauro. Cutar ta ragu sosai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina sai ta dawo. Wannan sakamako ya sauya tunanin masana kan yaƙi da zazzaɓi a Afirka, kuma har yau masu lissafin yaɗuwar cuta suna amfani da alƙaluman Garki. Sunan Garki sananne ne a manyan makarantun lafiya na duniya. Mutanen da suka miƙa yatsunsu shekara da shekaru ana tsaga, ba mu rubuta labarinsu ba.

Yanzu mu koma ga ciwon zuciyar da muka fara da shi. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa: kumburin jiki, haki, tari, kasa kwanciya. Sun lura ciwon ya yi yawa ƙwarai tsakanin matan Hausawa da Fulani na yankin. Da suka tambayi yadda ake jego, sai suka danganta shi da kunun kanwa mai yawa, da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, da kwanciya kan gadon ƙasa da ake hura wa wuta. Dalilinsu shi ne gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Babu na'urar da za ta gano wannan, sai da aka shiga ɗakin mai jego aka saurari ungozoma. Bayan shekaru, Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano suka sake dubawa, suka ga ana samun ciwon har ga matan da ba su bin waɗannan al'adu, suka nuna alaƙarsa da talauci da rama da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. Haka bincike yake, na baya yana gyara na gaba. Marubucin da ya karanta na 1978 kaɗai zai ɗora wa kaka laifi duka, wanda ya karanta duka biyun zai rubuta labarin da ya fi gaskiya, ya kuma fi taɓa zuciya.

A Zariyar dai, Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Ya nuna cewa matan da ba su zuwa awon ciki, waɗanda ba a kawowa asibiti sai naƙuda ta yi tsanani, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba, kuma karatun mace yana cikin manyan abubuwan da ke raba mai tsira da mai rasuwa. Likita ne ya fara binciken, amma amsar da ya samu ta malamin makaranta ce.

Akwai kuma darasi mai ɗaci. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a Kano. Yara 200 ne a gwajin, 11 suka rasu, wasu a rukunin sabon maganin, wasu a rukunin wanda aka gwama shi da shi. Iyaye sun ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Idan ba a yi wa jama'a bayani da harshensu ba, jita-jita ce ke yi musu, kuma yara ne ke biyan kuɗin.

Magina, rana da randa

Injiniyanci ma bai fara da zuwan siminti ba. Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin shekarun 1830 da 1840, ya nuna yadda ake ɗaure azara cikin ƙasa a tayar da bakan gizo ya rufe ɗaki mai faɗi. Masana zanen gini sun zo sun auna shi, sun zana shi, Hamman Tukur Sa'ad kuma ya yi digirinsa na uku a Amurka kan fasahar maginan Hausa. Mu kuwa in za mu siffanta gidan attajiri a labari sai mu tafi Dubai mu ɗauko.

A Nijar, Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar fiziya ne da ya jagoranci hukumar binciken makamashin rana ta ƙasar, yana ƙera na'urorin dafa ruwa da girki da hasken rana tun kafin sola ta zama kayan kasuwa. Shi ne kuma ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka a 1964, inda ya yi kira da a koyar da yara da harsunansu. Injiniya ne ya ga cewa ƙira ba za ta zauna ba in harshen koyarwa baƙo ne. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Muhammad Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya kuma fito daga gidan magina tukwane. A shekarun 1990 ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a saka ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa, yana tafiya da zafi, sai cikin ƙaramar ya yi sanyi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Yalon da ke lalacewa a kwana uku sai ya kai kusan mako huɗu. Ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Abin da ya shafe mu shi ne yadda ya isar da dabarar. Wasan kwaikwayo aka shirya da 'yan wasa na gida, aka ɗauka a bidiyo, ana zagaya ƙauyuka da daddare ana haska shi a jikin farin ƙyalle. Mai ƙira ya buƙaci mai labari.

Da aka juyo da fitila kanmu

Adabi da harshe su ma sun samu gida. A Kano an kafa cibiyar nazarin harsunan Nijeriya a 1969, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006, Hausa zuwa Hausa. Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Hausa a Rubuce a 1988, littafin da ya kamata duk mai riƙe alƙalamin Hausa ya karanta kafin ya kira kansa marubuci. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe rayuwarsa yana bin makaɗan baka yana rubuta tarihinsu da waƙoƙinsu. Wannan fanni ya yi abin da sauran ba su yi ba: ana rubuta kundin digiri da Hausa, ana kare shi da Hausa. A addini ma haka. Tarjamar ma'anonin Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Gumi da ta Shaihu Nasiru Kabara sun kai abin da ke cikin manyan tafsirai hannun wanda bai yi zurfi a Larabci ba.

A shekarun 1990 mu kanmu muka zama abin bincike. Littattafan su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa sun cika kasuwa, aka yi ta muhawara a jaridu. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba za su daɗe ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu, yana ganin su ne suka sa matasa, musamman mata, karatu da Hausa. Mu dubi su wane ne masu muhawarar. Abdalla daga fannin koyar da kimiyya ya fito kafin ya koma nazarin kafafen watsa labarai. Farfesa Yusuf Adamu, marubucin Idan So Cuta Ne, masanin labarin ƙasa ne da ya yi bincike kan mutuwar mata wajen haihuwa. Gafaka ɗayar nan ta su Muhammadu Bello ba ta ɓace ba.

A ilimi, akwai misalin da ya cancanci koyi. Wata mai bincike daga Jamus, Hannah Hoechner, ta zauna da almajirai a Kano. Kafin littafinta na Turanci ya fito a 2018, ita da almajiran sun shirya fim da Hausa, Duniya Juyi Juyi, a 2011. Su suka tsara labarin, su suka fito a ciki. Wannan karon waɗanda aka yi binciken a kansu su suka fara ganin sakamakonsa.

Bashin da ke kanmu

Mu da muka yi difloma ko digiri mun san ƙarshen kundin kammala karatu. An sha rana ana raba takardun tambayoyi a kasuwa da asibiti da makarantar allo, an buga, an ɗaure da bango mai kauri, an kare, an samu maki. Daga nan sai ɗakin ajiya, ƙura da gara su gaje shi. A cikin waɗannan tarin akwai binciken ruwan rijiyar unguwarmu, da dalilin da ya sa 'yan mata ke barin makaranta a aji uku, da tarihin masallacin garinmu, da karin harshen ƙauyenmu. Mai shayin da ya amsa tambayoyin bai taɓa jin abin da aka gano ba.

Ba aikin farfesa ba ne ya rubuta labarin da za a karanta a waya da daddare bayan an kwantar da yara. Shi an horar da shi ya rubuta wa 'yan uwansa masana, yawanci da Turanci ko Faransanci, don da haka ake masa ƙarin girma. Mu ne ke da masu karatu. Littafi ɗaya da ya karɓu a WhatsApp yana shiga ɗakunan da mujallar jami'a ba za ta taɓa shiga ba.

Don haka ga abin da muke ganin ya kamata mu ɗauka. Kafin mu sa wa tauraruwarmu ciwo, mu nemi ma'aikaciyar jinya ko likita mu tambaya yadda ciwon ke farawa, me ake ji, me ake gwadawa, nawa ake kashewa. Kafin mu rubuta labarin sarauta ko yaƙi, mu leƙa Gidan Arewa ko ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Wanda ke kusa da jami'a ko kwaleji ya shiga sashen Hausa ya nemi izinin duba kundaye, zai sha mamakin abin da ke jibge. Idan mun samu bincike, mu duba shekararsa, mu nemi wanda ya biyo bayansa, kada mu maimaita abin da aka riga aka gyara. Idan mun ɗauko daga wani, mu faɗi sunansa kamar yadda Abdullahi ɗan Fodiyo ya jero malamansa.

Sai dai a kula, ba cewa muke a mayar da hikaya lacca ba. Mai karatu bai zo aji ba. Bincike a labari kamar gishiri ne a miya, a ji shi a baki, kada a gan shi a kwano. Ba sai likitan labarinmu ya yi shafi uku yana bayanin seleniyam ba. Ya isa mu ga mai jego, kwana ashirin da haihuwa, ta kasa kwanciya sai a jingine, zobenta ya ƙi fita daga yatsa, uwar miji na cewa a ƙara wuta, ƙanwarta mai karatun jinya na cewa a nemo mota, mijin kuma yana tsaye a tsakar gida yana lissafin abin da ya rage a aljihunsa. Babu mugu a cikinsu, kowa ceto yake nufi. Wata mai karatu za ta ajiye waya ta je ta duba ƙafar yayarta.

Ga aikin wannan mako ga mai so. Kowa ya nemo bincike ɗaya da aka yi a garinsu ko a kan sana'ar gidansu, kowane fanni ne. Ya karanta shi har ya gane, sannan ya rubuta abin da aka gano a shafi ɗaya da Hausar da kakarsa za ta fahimta in an karanta mata. Wanda ya gwada zai ga ya fi rubuta babi goma na soyayya wuya, zai kuma ga alƙalaminsa ya ƙara kaifi.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka yi wannan wahala, ya ba mu ikon sauke namu nauyin. Sai mun ji gyararrakinku.